Suwaf a Linux: wane linzami ya dace da kowane garke?

Da yawa daga cikin injinan da ke ɗauke da aikin ƙananan cibiyoyin kwamfuta a Sakkwato na hannu ne. Ko shagon yi wa ɗalibai rajista ne a hanyar jami'a, ko makarantar kuɗi mai ajiye sakamakon jarrabawa, za ka tarar da kwamfutar tebur guda mai RAM giga 8, wani lokaci ma 4, an ɗora mata rumbun bayanai da shafin intanet na cikin gida da aikin kwafin ajiya. Ciwonsu iri ɗaya ne. Da mutane sun yi yawa, sai fitilar faifai ta kama ta ƙi mutuwa, ka danna maɓalli sai bayan rabin minti harafi ya fito. Injin bai mutu ba, ba kuma ya aiki.

Shawara biyu aka fi bayarwa: a kashe suwaf (swap, wurin da Linux ke kwashe abin da ke RAM ya ajiye in ta cika, galibi a faifai) gaba ɗaya, ko a saukar da swappiness, lambar da ke daidaita yawan amfani da shi, zuwa 10. Dukansu suna yi wa inji kuɗin goro, alhali abin da ke cikinsa ba darajarsa ɗaya ba. Rumbun bayanai bai kamata ya jira faifai ba, amma manhajar da ta kwana uku ba a taɓa ta ba, babu dalilin da zai sa ta zauna a RAM. Linux na da hanyar rarrabe su, sai dai linzaman suna da yawa, sunayensu na kama da juna, aikinsu kuma ya sha bamban.

Kenel, wato zuciyar Linux, yana raba RAM shafi-shafi, kowane shafi kilobait 4 a injinan Intel da AMD. Shafukan kashi biyu ne. Akwai masu asali a fayil, waɗanda in wuri ya ƙure za a iya zubar da su a sake karanto su daga faifai. Akwai marasa fayil, abin da manhaja ta ƙirƙira tana cikin aiki, waɗanda ba su da wurin komawa sai suwaf. In ka kashe suwaf, kenel ba ya daina neman wuri. Yana komawa kan shafukan fayil kaɗai, har da jikin manhajar da ke gudana, ya zubar ya karanto, ya zubar ya karanto. Shi ya sa injin da ba shi da suwaf shi ma yakan sandare kafin mahaucin kenel, wanda ake kira OOM, ya zaɓi aiki ɗaya ya yanke.

Abin da Linux ke kira cgroup, a nan garke za mu ce masa: ayyuka da aka tara wuri guda aka yi musu iyaka guda. Ya shiga kenel 2.6.24 a 2008, tsari na biyu kuma ya tabbata a 4.5 a 2016. Kafin ka taɓa komai, duba wanda injinka ke kai:

stat -fc %T /sys/fs/cgroup

In ya amsa cgroup2fs, kana kan na biyu; in tmpfs ne, tsohon tsari ne ko gauraye. Nau'o'in Linux irin Debian daga 11, Ubuntu daga 21.10 da Fedora daga 31 duk da na biyu suke tashi.

Jimilla ko suwaf zalla

Nan ne aka fi yin tuntuɓe. A tsohon tsari, fayil ɗin memory.memsw.limit_in_bytes yana ƙirga RAM da suwaf a haɗe. In ka ba garke RAM giga 2 kana so ya sami suwaf giga 1, giga 3 za ka rubuta a memsw, kuma dole ka fara sa iyakar RAM, domin kenel ba ya karɓar memsw da ya gaza ta. A sabon tsari, memory.swap.max suwaf kaɗai yake ƙirgawa, giga 1 ɗin nan za ka rubuta. Wanda ya kwafo lamba daga tsohon rubutu ya zuba a sabo ya ba garken ninki uku na abin da ya nufa.

Bambancin ya wuce na lissafi. A memsw, in an ɗauke shafi daga RAM aka kai suwaf, jimilla ba ta motsa ba, saboda haka iyakar ba ta hana komai. Ko ka daidaita memsw da iyakar RAM, ranar da injin gaba ɗaya ya shiga matsi, kswapd, ma'aikacin kenel mai samar da wuri a RAM, zai iya kwashe shafukan garkenka ya kai faifai. Memsw yana hana garke cinye suwaf da haɗamarsa, amma ba ya kare shi daga haɗamar maƙwabci. Shi kuwa memory.swap.max, in garke ya kai iyakarsa, shafukansa marasa fayil ba za su fita ba ko daga ina matsin ya zo. Ga mai son kare rumbun bayanai, wannan kaɗai ya isa dalilin barin tsohon tsari. Ga shi kuma systemd, manhajar da ke tayar da ayyukan inji, a fitowarsa ta 256 ya daina tashi da shi sai an tilasta masa.

Masu Docker, manhajar da ke gudanar da ayyuka a cikin keɓaɓɓun akwatuna, su lura: --memory-swap har yau jimilla yake nufi, ko da a sabon tsari, domin a ƙasa ake cire RAM daga ciki a rubuta ragowar a swap.max. In ka ba --memory 1g ba ka ambaci ɗayan ba, akwatin zai sami ƙarin suwaf giga 1. In ka daidaita su biyun, babu suwaf. In ka rubuta -1, babu iyaka.

Swappiness

Wannan lamba ba ta cewa "fara suwaf in RAM ta kai kashi kaza", ko da yake haka mutane da yawa suka ɗauka. Ma'auni ne na tsada: tsakanin zubar da shafin fayil da fitar da shafi marar fayil, wanne ya fi wa injin sauƙi? Asalinta 60, kuma tun kenel 5.8 tana kaiwa 200. A 100 an ce tsadarsu ɗaya; sama da haka an ce suwaf ya fi arha, abin da ke zama gaskiya in suwaf ɗin cikin RAM yake a matse.

Tsohon tsari na da memory.swappiness ga kowane garke. Sabo ba shi da shi, vm.swappiness guda ce ga kowa, kuma --memory-swappiness na Docker ba ya aiki a can. Akwai tarko a sifiri. In ka sa vm.swappiness=0 a sabon tsari, duk garken da ya bugi iyakarsa ta RAM, wato memory.max, ba zai fitar da shafi ko ɗaya ba, in shafukan fayil suka ƙare sai mahauci ya sauka, suwaf giga 4 na zaune wayam. Wanda bai san wannan ba zai yi ta canza RAM yana zargin ta lalace. A ra'ayina swappiness ba linzamin garke ba ne. A daidaita ta da irin na'urar suwaf, a bar ta, a yi rabon da swap.max.

Sifiri a swap.max, da kuɗin da ake biya

Rubuta 0 a memory.swap.max shi ne hanya mafi tsabta ta cewa wannan garke ba ya zuwa suwaf. Da systemd:

systemctl set-property sunan-aiki.service MemorySwapMax=0

Abu uku ke biyo baya. Shafukan da suka riga suka fita ba sa dawowa don ka sa sifiri. Suna can sai manhaja ta neme su, ko ka sake tayar da aikin. Na biyu, abin da ke cikin tmpfs (fayilolin da ke zaune a RAM) da RAM ɗin tarayya, kamar shared_buffers na rumbun bayanai na PostgreSQL, shi ma sai ta suwaf yake fita, saboda haka ya zama dutse a wurinsa. Na uku shi ya fi cizo: garken da aka hana suwaf aka kuma matse shi da memory.max ba shi da abin sadaukarwa sai shafukan fayil ɗinsa, kuma rumbun bayanai da su yake gudu. Ka hana shi jiran suwaf, ka mayar da shi jiran karatun fayil daga faifan nan dai.

Saboda haka sifiri ba ya tafiya shi kaɗai. A haɗa shi da memory.low, wanda ke ce wa kenel ya fara tatsar wasu kafin ya zo nan. Shi ma yana da sharaɗi: garke kan zauna a cikin wani garken, kuma kariyar ɗa ba ta wuce wadda aka ba uwarsa. In ka sa MemoryLow=3G a aikin amma system.slice da ke samansa bai da komai, ba ka kare shi daga matsin injin gaba ɗaya ba. Sai an bi tsanin an sa a kowane mataki.

A Debian da Ubuntu akwai wani ƙaramin abu da ke ɓata wa mutane yini guda. Aikin postgresql.service fanko ne, ba a cikinsa rumbun ke gudana ba. Na gaskiyar shi ne irin postgresql@16-main.service a Ubuntu 24.04, yana ƙarƙashin system-postgresql.slice. In ka sa iyaka a fankon, umarnin zai wuce lafiya lau, babu abin da zai canza.

Swap.high ba ƙanin swap.max ba ne

Da yake memory.high, iyakar RAM da ke rage wa garke gudu ba tare da kashe shi ba, linzami ne mai taushi da ake amfani da shi kullum, mutane na zaton memory.swap.high ma haka yake. Ba haka ba ne. Ya shigo a kenel 5.8, kuma aikinsa shi ne in garke ya haye shi, a riƙa jinkirta duk wata RAM da ya nema, don wani mai gadi da ke waje ya sami sukunin yanke hukunci kafin suwaf ya ƙare. Garken da ya kai swap.max yana ci gaba da gudu muddin akwai shafukan fayil da za a ƙwato. Wanda ya haye swap.high jan ciki yake yi. In ba ka da manhajar da ke sa ido a memory.swap.events tana kashewa ko sake tayarwa, bar shi a max yadda ya zo.

Ina shafin yake sauka?

Iyakar giga 1 a faifai mai juyawa da giga 1 a zram ba abu ɗaya ba ne, don haka zaɓin na'ura ya riga zaɓin lamba.

Faifai mai juyawa yana ɗaukar wajen milisakan 10 kafin allurarsa ta kai wurin da aka nema, wato karatu kamar 100 a sakan in a warwatse suke. Giga 1 shafi 262,144 ne. In ɗaya-ɗaya za a dawo da su, an haura minti 40. Kenel na rage wannan da karanto shafi 8 a tare, amma ko an raba da takwas, ɗalibin da ke gaban allo ya riga ya tashi. A irin wannan faifai, suwaf wurin ajiye abin da aka manta da shi ne kawai, duk garken da mutum ke jira ya kamata a ƙuntata masa shi sosai.

SSD ya fi wannan sauri nesa ba kusa ba, matsalarsa rubutu ne. Masu arha da suka cika kasuwa ba sa son rubutu marar yankewa, gudunsu kan ragu in an matsa musu, kwanansu kuma na raguwa. Lambar pswpout a /proc/vmstat tana gaya maka shafi nawa aka fitar tun tashin inji. Ninka ta da kilobait 4 ka ga abin da kake ɗora masa.

Zram yanki ne na RAM da aka mayar kamar faifai, duk shafin da ya shiga sai a matse shi. Bayanan yau da kullum sukan matsu ninki biyu zuwa uku. Hoto, bidiyo da abin da aka rufe da sirri ba sa matsuwa. Ba ya buƙatar faifai sam. Fedora da shi take zuwa tun fitowa ta 33. A Debian da Ubuntu, a girka systemd-zram-generator, a rubuta a /etc/systemd/zram-generator.conf:

[zram0]
zram-size = ram / 2
compression-algorithm = zstd

Sai a sa vm.page-cluster=0 don a daina karanto shafi 8 a tare, tunda babu allurar da ake tausaya wa, a ɗaga swappiness sama da 100. Rauninsa ta fuskar garke biyu ne. RAM ɗin da matsattsun shafuka suka ci ba a rubuta ta a asusun garken da ya zubo su, iyakar abin da ke hannunka swap.max ne, shi kuma da cikakken girman shafi yake ƙirga. Sannan in ka haɗa zram da suwaf na faifai, zram kan cika da tsofaffin shafukan da ba mai nema, sababbi masu zafi su gangara faifai, an juya abin a baibai.

Zswap ya shiga kenel a 3.11. Shi tsayawa yake a gaban suwaf na faifai: shafi ya fito, a matse shi a ajiye a wani kwando cikin RAM, in kwandon ya cika a tura mafi daɗewa zuwa faifai. Kwandon ba ya wuce kashi 20 cikin 100 na RAM sai in ka canza max_pool_percent. Dole sai da suwaf na gaske a bayansa, kuma kowane shafi da ke kwando yana riƙe da gurbinsa a can, saboda haka yana shiga lissafin swap.max. Abin da ya fifita shi a wannan magana shi ne ya san garke. Tun kenel 5.19 ana cajin kowane garke RAM ɗin da ya ci a kwando, kuma memory.zswap.max na iyakance rabonsa. A 6.8 aka ƙara memory.zswap.writeback: in ka rubuta 0, shafukan garken za su iya shiga kwando amma ba za su taɓa faifai ba.

Wannan na ƙarshe ya buɗe wata hanya tsakanin "babu suwaf" da "suwaf har faifai". Ya dace da aikin da ke riƙe da kalmomin sirri ko bayanan ɗalibai da marasa lafiya, domin abin da aka rubuta a suwaf na faifai yana nan bayan an ɗauke wuta, yana nan ranar da aka sayar da injin ko aka kai shi gyara. Kuɗinsa shi ne shafin da ya ƙi matsuwa ba shi da inda za shi, kenel zai yi ta gwada shi yana ɓata lokaci. Kuma in zswap a kashe yake, wannan sifirin ba ya hana komai. Duba /sys/module/zswap/parameters/enabled ka ga Y tukuna. Kada kuma a kunna zswap a gaban zram, matsa sau biyu ne a banza.

Matsa aikin furosesa ne, furosesa kuma zafi yake fitarwa. A watan Afrilu, lokacin da Sakkwato ke haura digiri 40, tsohon injin da ƙurar hunturu ta toshe wa fanka, a ɗakin da ba a kunna na'urar sanyaya ɗaki don a tausaya wa batirin sola, yakan rage gudun kansa. A irin wannan inji, cikin hanyoyin matsa bayanai, lz4 ya fi zstd dacewa: bai kai shi matsewa ba, amma ya fi shi sauƙi a kan furosesa. A busa ƙurar kuma kafin a zargi kenel.

Zaɓin ya dogara da fitowar da kake kai. Ubuntu 22.04 da kenel 5.15 ba ta da zswap.max. Debian 12 na da kenel 6.1, fayil ɗin na nan, amma systemd 252 nata bai san MemoryZSwapMax ba, sai daga 253. Ubuntu 24.04 na da kenel 6.8, writeback na nan, amma MemoryZSwapWriteback sai systemd 256, ita kuma 255 gare ta. Debian 13 na da duka biyun. Inda systemd bai sani ba, da hannu za ka rubuta a fayil ɗin garken, kuma yana gogewa duk lokacin da aikin ya sake tashi, sai ka sa shi a layin ExecStartPre, mai gudana kafin aikin ya tashi, da alamar + a gaban umarnin.

Rabon inji mai giga 8

A ɗauka injin na da SSD, da fayil ɗin suwaf giga 4, da zswap a kunne. Rumbun bayanai: MemorySwapMax=0, MemoryLow=3G a kansa da matakan da ke samansa, ba a sa masa MemoryMax ba. Shafin intanet, misali php8.3-fpm.service: MemoryHigh=2500M, MemoryMax=3G, MemorySwapMax=1G, domin ma'aikatansa da ke zaman jira su ne suka fi cancantar shiga kwando. Sauran ƙananan ayyuka a bar su yadda suke, su suwaf ya fi yi wa amfani.

Aikin kwafin ajiya shi ne ɓarawon da ba a zargi. Shi kansa ba ya cin suwaf. Karatun fayiloli masu yawa da yake yi ne ke cika RAM, har a kori shafukan wasu. Maganinsa iyakar RAM:

systemd-run --scope -p MemoryHigh=512M -p MemorySwapMax=128M umarnin-kwafi

Da haka shafukan fayil ɗinsa a cikin rabin gigarsa za su yi ta juyawa.

In faifan mai juyawa ne, zaɓi zram shi kaɗai, ka cire suwaf na faifai, ka bar sifirin rumbun bayanai, ka tabbata jimillar swap.max na manyan garkuna ba ta haura girman zram ba. In RAM giga 4 ce kuma abin da ake taɓawa kowane minti ya fi ta, babu linzamin da zai yi magani. Sandar RAM ta biyu ta fi kowane saiti.

Kada a yi hukunci da yawan suwaf da ke cike. Giga 2 na shafukan da ba mai nema ba ciwo ba ne. Abin dubawa shi ne memory.pressure na kowane garke, wanda ke nan tun kenel 4.20: layin full yana nuna kason lokacin da duk ayyukan garken suka tsaya jiran RAM. A injin lafiya avg10, matsakaicin sakan 10, na wannan layi na zaune kusa da sifiri, in kuma ya ɗaga ya ƙi sauka a lokacin cunkoso, iyakar ta yi matsi ko wani na cin rabon wani. A memory.swap.events, max na ƙaruwa in garken ya bugi iyakar da ka sa. In fail na ƙaruwa max na tsaye, suwaf ɗin injin gaba ɗaya ne ya ƙare. Mai amfani da systemd-oomd, mahaucin systemd, ya san cewa in aka sa wa wani mataki ManagedOOMSwap=kill, da RAM da suwaf na injin sun haura kashi 90 cikin 100, garken da ya fi cin suwaf a ƙarƙashinsa za a kashe gaba ɗayansa, don haka a sa shi a matakin ayyukan da za a iya sake tayarwa, a canza lamba ɗaya a rana, a dubi pressure a lokacin da layi ya fi tsawo kafin a taɓa ta gaba.